Zafafan Ilektiron a Garin Sanyi

Hanyar Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa ba ta fara daɗin kallo sai an wuce Saminaka. Kafin nan gonakin masara ne da aka gama girbewa, kara a tsaitsaye, buhuna jibge a bakin titi suna jiran manyan motoci. Daga Jengre ƙasa ke sauya hali. Duwatsu su fara leƙowa, mota ta fara nishi a hawa, wanda ke bakin taga ya ɗaga gilashi ba tare da an roƙe shi ba. Hunturu ya kankama a lokacin, hazo ya lulluɓe tsaunuka har direbanmu ya kunna fitila da rana tsaka. Ta Mista Ali muka shiga gari, na sauka a Farin Gada, inda ƙamshin kabeji da albasa mai lawashi ke tarbar baƙo kafin danginsa su gan shi. Daga nan na tari keke zuwa Unguwar Rogo.

Biki ne ya kai ni, ɗan yayana ke aure. An ɗaura lafiya, an ci an sha, dangi sun taru har waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Cikinsu akwai 'yar yayan nawa, wadda ke karatun digiri na uku a fannin fiziks a Amurka. Ni kuwa ma'aikacin ɗakin hoto ne a asibiti, ƙirji da ƙashi nake ɗauka tun tana goye. Abin da na sani game da karatunta bai wuce abin da Yaya ke faɗa wa mutane ba, wai 'yarsa tana koyon yadda za a yi wutar da ba ta ƙarewa.

Daren ɗaurin aure, bayan baƙi sun ragu, muna falo kowa ya ƙudundune cikin bargo, aka kawo shayi mai kayan ƙamshi. Na ce da ita, 'yata, yau dai ki gaya mini da bakinki me kike yi a can. Ta yi dariya ta ce, "Baffa, ai ni da kai sana'armu ɗaya. Hoto nake dubawa." Ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da ƙwayar masoro guda a tafin hannunta, ta ajiye a kan faranti kusa da kofina. Ta ce duk faɗan da ake yi a kan abu mai wannan girman ake yin sa.

Abin da ke ba rana zafi shi ne haɗewar ƙwayoyin zarra na haidirojin su zama hiliyom. A doron ƙasa ana gwada hakan da nau'i biyu masu nauyi na haidirojin, diyuteriyom da ake samu a ruwan teku, da tiritiyom. Matsalar ita ce ƙwayoyin suna ture juna, ba sa yarda su haɗu sai zafi ya kai wajen digiri miliyan 100, kuma an matse su ƙwarai. Masu amfani da leza, wato haske mai ƙarfi da ake harbawa a tsuke, suna ƙera ɗan ƙwanso mai faɗin kusan milimita 2, su daskarar da man, wato haidirojin ɗin nan mai nauyi, a jikin bangonsa ta ciki, a sanyin da ya kai kusan digiri 255 ƙasa da sifili. Sai a buge shi ta ko'ina lokaci guda. Fatar waje ta ƙone ta yi tsalle waje, ragowar kuma ta ruga ciki da gudun da ya haura kilomita 300 a daƙiƙa. A tsakiya ne zafi ke taruwa ya kunna haɗewar. Daga farko zuwa ƙarshe 'yan kaso ne cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya. Tun 1972 John Nuckolls da abokan aikinsa suka wallafa wannan shawara, amma sai 5 ga Disamban 2022 cibiyar NIF da ke Livermore a Kalifoniya ta samu makamashin da ya fi wanda hasken ya shigar. Ita NIF tsirkiyar leza 192 take harbawa cikin ɗan gwangwanin zinare, bangon gwangwanin ya fitar da eksire, irin hasken da muke ɗaukar hoton ƙashi da shi, eksiren ya matse ƙwanson. A Jami'ar Rochester ta jihar New York kuwa akwai lezar Omega mai tsirkiya 60, wadda ke dukan ƙwanson kai tsaye.

Na ce to ina hoton ya shigo? Ta ce in yi haƙuri, sai na fara sanin ɓarawon kafin in ga sawunsa.

Fatar da ta ƙone ba ta ɓacewa. Tana zama filazma, wato iska mai tsananin zafi wadda ilektiron, 'yan ƙananan ɓurɓushin lantarkin da ke kewaye da kowace ƙwayar zarra, suka rabu da ƙwayoyinsu suna yawo. Hasken da ke biyo baya dole ya ratsa ta cikinta. Akwai kaurin da in filazma ta kai shi haske ba ya iya wucewa sam, to a daidai inda kaurin yake kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, nan rikici ke tashi. Hasken kan tsage ya zama igiyoyi biyu masu kaɗawa a cikin filazmar, ko ya zama igiya ɗaya da wani haske mai komawa baya. Wannan na biyun sunan C. V. Raman yake ɗauke da shi, masanin Indiya da ya karɓi kyautar Nobel a 1930. Igiyoyin nan su ke kwasar wasu ilektiron su wurga su da ƙarfin da ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Na gama-gari a cikin filazmar ba su wuce keV 2 zuwa 4 ba, keV ɗaya kuwa shi ne ƙarfin da ilektiron ke samu in an tura shi da kilobolt ɗaya. Waɗanda aka wurga sukan kai 50, su kai 100, wasu su zarce. Su ake kira zafafan ilektiron. Suna huda bangon ƙwanson su shiga cikin daskararren man su ɗumama shi tun matsi bai iso ba, man da ya yi ɗumi kuwa turjewa yake, ba ya matsuwa yadda ake so. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ke ɓata aikin. Ko kashi 1 cikin 100 na ƙarfin lezar ba sai ya kai ba, in ya sauka a cikin man ta wannan hanya, harbin ya rage daraja.

Da ta ambaci 50 da 100 na ajiye kofi. Waɗannan lambobin ne nake murɗawa kullum. Hoton hannu kilobolt 50 zuwa 60 nake sawa, na ƙirji ya haura 100. Ashe ilektiron ɗin da ke hana manyan masana barci ƙarfinsu ɗaya da waɗanda ke gudu cikin kwalbar injina. A injin asibiti muna tura su da gangan su daki faifan ƙarfen tangistin, su ci birki, birkin ya fitar da eksire. Kusan kashi 99 cikin 100 zafi yake zama, shi ya sa faifan ke juyawa don kada wuri ɗaya ya narke. A wurin masu leza ba wanda ya tura su, amma duk inda suka ci birki a jikin ƙwanso ko zinare, eksire mai ƙarfi yana fita. Shi ne sawun.

Na tambaye ta me ya hana a tare ilektiron ɗin su kansu a ƙirga. Ta ce ana yi, akwai na'ura mai maganaɗisu da ke lanƙwasa hanyarsu, mai ƙarfi ya lanƙwasu kaɗan, mai rauni ya lanƙwasu da yawa, kowa ya sauka a mazauninsa. Amma da zarar na farko sun tsere, abin da suka baro yana samun cajin da ke janyo na baya su koma. Waɗanda ke isa na'urar tsiraru ne, mafiya gudu, kuma ba su ne suka yi ɓarnar ba. Masu ɓarnar suna ciki. Don haka eksiren aka fi dogara da shi.

Washegari da hantsi, rana ta ɗan fito muna shan ta a tsakar gida, ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini. Jerin da'irori ne a layi, ta farko baƙa wuluk, ta biyu ta ɗan yi haske, haka suna kodewa har ta ƙarshe sai ka ƙura ido. Ta ce akwati ne na dalma mai 'yar ƙofa, a cikinsa an jera faranti mai ɗaukar hoto, sai zanen ƙarfe, sai wani faranti, sai wani ƙarfen da ya fi kauri. Ana farawa da alminiyom, a bi da jan ƙarfe, azurfa, kuza, a ƙare da dalma. A bakin ƙofar akwai maganaɗisun da ke kore ilektiron don kada su shiga su gurɓata hoton. Eksire mai rauni a farko yake tsayawa, mai ƙarfi ne kaɗai ke kaiwa ƙarshe. Saurin kodewar da'irorin shi ke nuna zafin ilektiron ɗin, duhunsu kuma ya nuna yawansu.

Nan ma na gane gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa lokacin da masu duba ingancin inji suka zo ya ga irin wannan. Sukan ɗora zanen alminiyom ɗaya bayan ɗaya a gaban kwalbar har ma'auni ya nuna rabin abin da ya fara nunawa, kaurin da ya kawo rabin shi ke faɗin ƙarfin hasken. Farantan kuwa su ne na cikin kaset ɗin da muke zurawa a injin karantawa, jar leza ta bi ta kansu hoto ya fito a allo. Na ce, duk kuɗin Amurka, kaset ɗina suke amfani da shi? Ta ce ƙwarai, kuma da dalili. Ilektiron ɗin da suka tsere suna haddasa wata girgizar lantarki a ɗakin harbin wadda ke rikita na'urori masu waya, faranti kuwa ba ruwansa da wannan. Aibinsa ɗaya, kuma na san shi: in ka bar kaset ya jima ba ka karanta ba, hoton yana raguwa. Su har mintin da aka yi harbi da mintin da aka karanta suke rubutawa, su gyara lissafi da shi.

Faranti yana faɗin jimilla ne kawai, ba ya faɗin lokaci. Saboda haka akwai wasu ma'aunan masu walƙiya idan eksire ya taɓa su, kowanne a bayan nasa zanen ƙarfe, suna rubuta abin da ke faruwa cikin kason biliyan na daƙiƙa. A Omega irin wannan na'ura kafa huɗu gare ta. Lokacin yana da muhimmanci, domin ilektiron da ya zo da wuri, man bai taru ba, ya fi wanda ya zo a makare illa. Akwai kuma dabarar gano wuri. Sukan binne siririn jan ƙarfe a cikin abin da za a harba. In zafaffen ilektiron ya fizge ɗaya daga ilektiron na can cikin ƙwayar jan ƙarfen, wani ya faɗo ya cike gurbin, sai eksire mai ƙarfi ƙayyadadde ya fita, keV 8 da ɗan ɗoriya, ba ya canzawa. Da lanƙwasasshen ƙarau ake tattara wannan hasken shi kaɗai a ɗauki hotonsa, duk inda ya haska an san sun ratsa ta nan.

Wurin da na fi jinjina mata shi ne da ta ce duk wannan bai gama amsa tambayar ba. Da'irorin ba sa zuwa da amsa a rubuce. Aikinta shi ne ta ce wa kwamfuta, a ɗauka ilektiron kaza ne masu zafi kaza, kwamfuta ta bi sawun miliyoyinsu ɗaya bayan ɗaya ta cikin roba da ƙarfe, ta fitar da da'irorin da ya kamata a gani. In ba su dace da na gaske ba ta sauya zato ta sake. Ta ce wani lokaci zato biyu mabambanta su ba da hoto kusan iri ɗaya, kaɗan masu zafi sosai ko da yawa masu matsakaicin zafi, sai an kawo shaidar wata na'ura ta raba gardama. Shi ya sa ba ta rubuta lamba sai da iyakar kuskurenta a gefe. A sana'ata na ga masu kallon hoto mai hazo su yanke hukunci kamar sun shiga cikin ƙirjin sun gani da ido. Wanda ya san iyakar hotonsa ya fi su amfani ga maras lafiya.

Sauran tambayar ita ce nawa ne daga cikin zafin ya sauka a cikin man shi kansa, tunda eksiren daga ko'ina yake fitowa. Masu bincike a Rochester sun wallafa wata dabara a 2021 wadda ta burge ni don sauƙin tunaninta. A yi harbi biyu da haske iri ɗaya, ɗaya ƙwanson roba zalla, ɗaya mai man daskararre a ciki. Ilektiron da ya tsaya a cikin haidirojin ba ya fitar da eksire kamar wanda ya tsaya a roba, saboda ƙwayar haidirojin ba ta da nauyin da za ta taka masa birki sosai. Don haka harbi mai mai yana ba da eksire ƙasa da na roba, giɓin da ke tsakaninsu kuma shi ke nuna rabon da man ya sha. Ta ƙara da cewa ba kowa ke gaba da waɗannan ilektiron ba. Tun 1994 Max Tabak da abokansa suka kawo shawarar a matse man tukuna, sannan a harba masa zafafan ilektiron da gangan su zama ashanar kunnawa. Masu wannan hanya ma ma'auni iri ɗaya suke bukata.

Da la'asar ƙanenta ya ɗauke mu a mota zuwa wajen Rayfield, ta ce ta yi kewar ganin kududdufan kuza. Ruwa ne kore shar a kwance cikin ramukan da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi suka bari, ga tarin jar ƙasa a gefe da itatuwan turare. A can gaba kan hanyar Bukuru mun ga mata da samari cikin laka har gwiwa, suna wanke yashi a kwano, baƙar kuza tana kwantawa a ƙasa. Saboda kuzar nan ne yankin Jos ya samu wutar ruwa da wuri, tashar Kurra ta fara aiki tun wajen 1930 don ciyar da ma'adinai. Ta ce kuza ba ta gama yayi ba. Injinan kamfanin ASML na ƙasar Holan, waɗanda ake zana ƙananan kwakwalwan waya da kwamfuta mafi inganci da su, ɗigon narkakkiyar kuza suke harbi da leza sau 50,000 a daƙiƙa, ɗigon ya zama filazma ya ba da hasken da ake zanen da shi.

Ni hankalina a kan yashin yake. Dusar da ake zubarwa bayan an cire kuza tana ɗauke da monazait, shi kuma yana da toriyom mai fitar da tururin nukiliya. A wurin aiki ba na shiga ɗakin hoto sai da ɗan bajon awo maƙale a rigata, ana karɓa lokaci-lokaci a karanta abin da jikina ya sha. Ga mutane suna wuni a kan wannan dusa, wasu ma su kwashe ta su yi yaɓen ɗaki. Na ce da ita, 'yata, lezar tsirkiya 192 ba tamu ba ce yanzu, amma wannan awon da kike koya ga inda yake jiranki. Ma'aunin tururi, zanen ƙarfe, kwamfuta, da mutumin da ya san lissafin kuskure, ba su fi ƙarfinmu ba. Muna da cibiyar binciken makamashi a Zariya mai ƙaramin injin nukiliya tun 2004, akwai ta Sheda kusa da Abuja, ga jami'a a nan bayan gidan ubanki. Ta ce ta ji, amma in bar ta ta gama tukuna, kada in haɗa kai da Yaya a tsare ta a gida.

Daren ƙarshe mitar gidan ta fara kuka, kati ya kusa ƙarewa. Yaya ya fito da waya a hannu yana neman lambar saye, ya dube ta ya ce, "Ke mai wutar da ba ta ƙarewa, wannan nasarar da aka yi ta shela a rediyo, gida nawa ta haska?" Ta ce, "Baba, a ma'aunin makamashi, hasken ya shigar da megajul 2.05, aka samu 3.15. Yunit ɗaya na mitarka megajul 3.6 ne." Yaya ya ce ta maimaita. Ta maimaita, ta ƙara masa da cewa wutar da lezar ta ja daga layi kafin ta yi harbin ta kai wajen megajul 300, yunit 80 da wani abu ke nan. An samu ƙari a harbe-harben da suka biyo baya, na Yulin 2023 ya ba da 3.88, amma NIF ba don ba gari wuta aka gina ta ba, babban aikinta binciken kula da makaman nukiliyar Amurka ne. Tashar wuta ta gaske sai ta riƙa harbi kusan sau 10 a daƙiƙa, ita kuwa in ta yi babban harbi sai an shafe sa'o'i ana jiran gilasanta su huce. Kuma hanyar dukan ƙwanso kai tsaye, wadda ake ganin za ta fi arahar wuta, ita ce zafafan ilektiron suka fi yi wa barazana.

Yaya ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce wato an kashe tamanin an samu ƙasa da ɗaya, kuma har aka kira 'yan jarida. Ta ce haka ne, amma shekara 50 ana neman wannan ɗayan. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya miƙa wa angon wayar ya ce ya sa musu na dubu biyar kafin firji ya mutu da ragowar naman biki.